Ranar da Malam Rarrabau Ya Tara Masarautu Biyar a Aji

Duk wanda bai taɓa ganin ilimi yana tafiya da ƙafa biyu ba, ya zo ƙaramar sakandaren unguwarmu da safe ya tsaya a bakin ƙofa. Zai ga Malam Rarrabau ya shigo cikin farar rigar ɗakin gwaji, tabarau a kan karan hanci, aljihun gaba cike da alƙaluman da babu mai rubutu a cikinsu. Makarantar ba ta da ɗakin gwaji, amma wannan laifin makarantar ne, ba na rigar ba.

Malamin kimiyya ne na aji biyu, kuma Allah ya yi masa baiwar rarraba halittu. Littafi ya ce masu rai sun kasu masarautu biyar: dabbobi, tsirrai, dangin fumfuna, ƙananan halittun cikin ruwa da ido ba ya gani, sai kuma bakteriya. Malam yakan faɗi wannan yana gyara murya, har ka rantse yana wurin aka yi rabon, kuma sai da aka nemi shawararsa. Ba ya iya ganin abu ya ƙyale shi. Kyankyaso ya gitta ta gabansa, sai ya tare shi da kan takalmi ya sanar da shi danginsa. Ranar da matarsa ta soya masa kifi, ya tsaya yi mata bayanin ƙashin baya har kyanwa ta yi gaba da misalin. Yara suka laƙaba masa Rarrabau, ya ji, ya ɗauka lambar yabo ce.

Littafin nan dai ya ce ɗan Adam ma a masarautar dabbobi yake. Malam ya amince da hakan ɗari bisa ɗari, game da sauran malamai.

Ana nan sai shugaban sashen kimiyya ya yi ritaya, kujera ta zama babu kowa. Masu nema biyu ne, Malam da malamar lissafi. Shugabar makaranta ta ce mai duba makarantu zai zo ya zauna a darasin kowannensu, wanda ya yaba shi ne da kujera. Malam bai tsaya jiran wannan ɓata lokacin ba. Ya faɗa wa matarsa an gama magana, ita kuma ta faɗa wa maƙwabta, kafin mako ya zagayo surukarsa ta fara yi wa ƙawayenta kurin mijin 'yarta. Saboda haka in kujerar nan ta suɓuce, ba a makaranta kaɗai zai ji kunya ba, har hanyar gidansa sai ya sake.

"Ni ba na koyarwa da hoto," in ji shi a ɗakin malamai, ba tare da kowa ya tambaye shi ba. "Hoto aikin masu ƙaramin sani ne. Masarautun nan biyar da kansu za su zo aji su gai da baƙo."

Ya kuwa shiga tattara wakilai. Ya ɓoye burodi a ƙarƙashin gado har ya yi gashi kore, ya zama wakilin fumfuna. Ya ɗebo ruwan kududdufi a kwalba. Ya bar madara a rana ta lalace saboda bakteriya su samu masauki. Ya aro akuyar surukarsa, bayan ya yi alkawarin ambaton sunanta a jawabin kama aiki. Saura tsiro. Shi kuwa ba kowane ciyayin bayan aji ne ya dace da darajar Malam ba. A tagar ofishin Shugaba akwai wani fure a tukunya, ganyensa na sheƙi, jajayen furanninsa ko ɗaya bai taɓa yanƙwanewa ba. Shi ne Malam ya roƙa. Shugaba ta dube shi jim kaɗan, ta ce ya ɗauka.

Furen nan ya ga gata. Malam ya sa yara suna ba shi ruwa safe da yamma, ya sa masa taki, yana fitar da shi ya sha hantsi. Kullum sai ya auna shi da rula ya sanar da aji cewa ya ƙara tsawo. "Hannun masani ke nan," yakan ce. "Tsiro ma ya san wanda ya san shi."

Ranar duba ta zo. Mai duba makarantu, wani gajeren dattijo da gajiya ta gama da shi, ya zauna a bencin baya. Shugaba ta tsaya a bakin ƙofa. A kan tebur wakilai huɗu sun jeru, ta biyar kuma tana ɗaure a ƙafar teburin da igiyar da tsawonta ya wuce buƙata.

"Yara manyan gobe, da babban baƙonmu," Malam ya fara, "yau za ku ga abin da jami'o'i ke kasa nunawa. Tun ina cikin zanen goyo nake bambanta halittu. Ni in na dubi abu sau ɗaya, na san masarautarsa, na san danginsa, na san kakansa."

Ya juya ga allo yana zana wata ƙatuwar bishiya mai rassa biyar, yana ta zuba. Akuya ta ga babu mai kula da ita, ta ɗora ƙafafun gaba a kan tebur. Ta fara da fumfuna, burodi da leda duka. Ta lashe bakteriya tas. Ta ture kwalba, ta bi ruwan kududdufin a ƙasa ta tsotse. Yara suna ta ƙyaƙyata dariya, Malam kuwa, da yake bai waiwayo ba, ya ɗauka daɗin darasi ne, ya ƙara ƙaimi.

Da ya juyo, masarautu uku sun koma cikin ta biyar. Wani ne da sai ya nemi hanyar fita, amma Malam ko gezau.

"Madalla! Haka na tsara," in ji shi. "Kun ga halin dabba ke nan, ba ta haɗa abincinta, sai ta ci na wasu. Yanzu ku zuba ido ku ga yadda za ta yi da tsiro, abincinta na gado."

Ya ɗauki tukunyar furen da hannu biyu ya dire a gabanta. Akuya ta shinshina, ta yi atishawa, ta kau da kai. Ya tura mata. Ta ja da baya. Ya kama ƙahonta ya cusa bakinta cikin ganyen, ta fizge, ta kama gefen farar rigarsa ta hau tauna.

"Kunyar baƙo take ji," in ji Malam.

Mai duba ya taso a hankali. Ya lanƙwasa ganye ɗaya, ya sake shi, ganyen ya koma yadda yake. Ya ja kara, sai ga shi ya zaro gaba ɗaya, babu saiwa ko ɗaya, sai waya mai tsatsa saboda yawan ban ruwa.

"Malam, wannan wace masarauta ce?"

Malam ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "To, ranka ya daɗe, bincike dai yana ci gaba."

"Na roba ne fa, Malam," in ji Shugaba daga bakin ƙofa. "A kanti na saya. Wallahi na ɗauka misalin marar rai za ka yi da shi."

A nan kam har na ɗan ji tausayin bawan Allah. Kujera dai malamar lissafi aka ba. Amma kafin mai duba ya fita, Shugaba ta tambaye shi ƙasa-ƙasa yadda ya ga darasin, shi kuwa dattijon bai iya magana a hankali ba.

"Ai ba laifi," in ji shi. "Na samu wadda ta san bambancin mai rai da marar rai a ajin nan. Sai dai ban sani ba ko doka ta yarda a ba ta kujera, tun da ta aro ce."