Lambar da Kawu Yake Kira

Jiya na je ofishin lasisi karo na bakwai, na dawo da takalmi ɗaya a hannu, don ya tsinke mini a matakalar hawa na uku. Ba wannan ne abin kunyar ba, ku dai biyo ni.

Wata biyar ke nan da na ci jarrabawar rediyo. Ba rediyon jin labarai ba, irin wadda mutum zai kafa eriya a kan rufi, ya riƙe makirfo ya yi hira da na wata uwa duniya. Doka ta ce kafin a ba ka lambar kira sai dai ka saurara, ko tari kada ka yi a iska. Ni kuwa mai bin doka ne, musamman wadda ake kama mutum a kanta.

Kawuna ne ya jefa ni cikin harkar. Tsohon mai gyaran rediyo ne a wani gari mai nisa, shekara arba'in yana magana a iska. Ranar da sakamako ya fito ya ce mini, "Daga yau ba ni ba kai a wayar nan. In kana son jin lafiyata, ka same ni a iska ƙarfe bakwai na safe." Ya kashe. Kawu ba ya magana biyu. Ga shi ƙarshen watan nan 'yarsa za ta ɗauke shi zuwa gidan benen da take haya, inda ko igiyar shanya an hana ɗaurawa, balle eriya. In ban amsa masa kafin nan ba, shi ke nan, kuma abin yana ci mini rai.

Kullum da safe ina gaban akwatin rediyona, shayi na hucewa, ina jin muryarsa yana kiran wata lamba sau uku, ya yi shiru, ya sake. Ba a taɓa amsa masa ba. Har na ce wa uwargida, "Wannan wane irin marar tarbiyya ne? Tsoho na kiransa yana yin banza da shi."

Ta ce, "Ƙila shi ma takarda yake jira."

Na ce ai ko babu takarda akwai kunya.

Allah ya ƙara wa Mai Girma Daraktan Dawo-Gobe na ofishin lasisi lafiya, mutum ne mai tsari. Zuwana na farko yana taro. Na biyu ya tafi taron bitar wancan taron. Na uku hatimi na cikin durowa, makulli na aljihunsa, shi kuma yana ƙasar waje yana koyo yadda ake saurin aiki. Maƙwabcina tela ya ce, "Malam, ka yi maganarka mana, wa zai gan ka a iska?" Na tsare shi da laccar doka har sai da ya ɗinke wa wani bakin aljihu.

To jiya na faɗa hannun wata ma'aikaciya mai gilashi. Ta tambayi sunana, ta danna kwamfuta, ta juyo mini da ita.

"Baba, ai lambarka ta fito tun sati biyu da jarrabawa. Takardar ratayewa a bango ce ba a sa wa hannu ba. Da sunanka ya hau rajista kana da damar magana. Har a jarrabawarku an yi tambayar."

Na tuna ta sarai. Ita ce wadda na rufe ido na zaɓi amsa.

Na dubi lambar, na sake duba ta. Na san ta kamar sunana. Ita ce Kawu yake kira kullum. Ashe tuni 'yarsa ta duba masa rajistar.

Yau ƙarfe bakwai ya kira sau uku. Na danna makirfo, na faɗi lambata, muryata kamar ta ɗan akuya. Har na fara duba ko ban haɗa waya daidai ba. Can sai na ji ya ja numfashi.

"Ɗan nan, wata huɗu da rabi ina kira. Na ɗauka kai ma an naɗa ka darakta."

Dariya na yi niyya, hawaye suka riga ta. Kwana tara suka rage mana, kuma ba zan bar ko ɗaya ya wuce ba.

Takardar dai tana can tana jiran sa hannun Mai Girma, kada ya gaggauta saboda ni. Uwargida kuwa da ta kawo shayi ta tambaye ni ko an gano marar tarbiyyar nan. Na ce mata ana kan bincike, ta dawo gobe.