Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Ƙarƙashin Bene

Da zuciya cike da baƙin ciki, maigidan nan yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Gwaggo, tsohuwar kwamfutar da ke zaune a lungun ƙarƙashin bene, wadda ke ajiye wa gidan nan hotuna da finafinai da bidiyon iyali. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da hantsi, a kan teburin cin abinci, murfinta a kwance, maigida na tsaye a kanta da sabon faifan ajiya a hannu.

Marigayiyar baiwar Allah ce mai haƙuri da riƙon amana. Tun yara suna rarrafe take aiki, ba dare ba rana, ba ta taɓa neman komai ba sai wuta da ɗan kaɗe ƙura. Duk wanda ya zauna a gidan ya san muryarta: "huuu" na fankarta, da "ƙyat-ƙyat" ɗin faifanta idan an nemi wani tsohon fim. Doka ɗaya ce a kanta, kowa ya haddace: ba a kashe Gwaggo. Ko wuta aka ɗauke, batirinta daban yake.

Ta rasu ta bar talabijin ɗin falo, wanda yanzu yake zaune zuru kamar baƙo, da wayoyin gida da suka saba juye mata kayansu, da yara masu tambayar ina katun ɗinsu. Ta kuma bar matar gida, kuma a nan ne maganar take da nauyi.

Bara ne Allah ya yi wa Inna, mahaifiyar matar gida, rasuwa. Duk wani bidiyon Inna da ya rage a duniya, tana dariya, tana yi wa jikokinta wasa, tana faɗa a kan an cika gishiri, a wayar 'yarta yake. Da wayar ta cika, maigida ya kwashe su ya zuba wa Gwaggo, ya bugi ƙirji ya ce wa matarsa ta goge na wayar, ai sun shiga inda ba abin da zai same su. Ta goge.

Jinyar Gwaggo ba ta yi tsawo ba. Tsufa ne kawai: nauyin jiki, da ɗan tari idan fim ya yi nisa. Maigida, mutum mai son gyara abin da bai gama lalacewa ba, ya sayo mata ƙarin ƙwaƙwalwa da sabuwar fanka da babban faifai, da niyyar ya kwafe komai a kai don a samu kwanciyar hankali. Matar gida ta roƙe shi ya ƙyale tsohuwa tunda tana numfashi. Ya ce aikin shan shayi ne, kafin ruwa ya tafasa an gama. Ya danna maɓalli, ya kashe ta.

Abin da bai sani ba, tsohon faifan da ya shekara da shekaru yana juyi, juyin ne ke riƙe da shi. Da ya tsaya ya huce, shi ke nan. Maigida ya haɗa komai tsaf, ya kunna. Sabuwar fanka ta tashi garau. Tsohon faifan ya ce "ƙyat", ya sake cewa "ƙyat", ya yi shiru. Maigida ya kashe ya kunna, ya sauya wayar haɗi, ya hura, ya jijjiga, har ya ɗora faifan a kunne kamar mai sauraren agogo. Matar gida tana bakin ƙofar kicin da wuƙa da albasa a hannu. Tambaya ɗaya ta yi masa.

"Baban yara, Inna tana ciki?"

Ya ci gaba da jijjiga faifan.

An garzaya da faifan shagon mai gyara. Shi kuwa bai ɓoye musu ba: ya ce zai iya lallaɓa shi ya juya sau ɗaya, na ɗan lokaci, abin da aka cafko an cafko, daga nan sai haƙuri. Suka tsaya a bayansa su biyu, ba mai kallon wani. Faifan ya yi gurnani ya tashi. Maigida yana nuna wurin da bidiyon Inna suke, layin kwafi yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Bai yi nisa ba faifan ya yi wani ƙara, ya tsaya, tsayawar ƙarshe.

Bidiyo ɗaya tak ya tsira, shi ma gajere. Ba a ganin fuskar kowa, wayar tana kallon silin. Sai muryar Inna, ras, tana cewa, "Kai ɗan nan, ka tabbata abin nan yana ɗauka?" Sai muryar maigida yana dariya: "Yana ɗauka, Inna. Wannan ba zai taɓa ɓacewa ba."

Matar gida ta saurara har ƙarshe. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi wa maigida sauƙi. Ta miƙa wa mai gyara wayarta ta ce ya sa mata a nan, ta fita ta jira a mota.

Za a fitar da gawar marigayiyar gobe da safe, idan mai sayen tsofaffin ƙarafa ya biyo layi. Ana karɓar gaisuwa a falo, amma ana roƙon masu zuwa kada kowa ya ba da shawarar abin da ya kamata a yi tun farko, maigida ya riga ya sani. Faifan kuwa ba za a fitar da shi tare da ita ba. Matar gida ta naɗe shi a ɗankwali ta kulle a akwatinta, ta ce wata rana za a samu wanda ya iya tashinsa, kuma kafin ranar ba mai sake taɓa shi.