Ajiyar Zuciyar Malam Mati

"Lafiya lau, sai dai tsohon miji da ya ishe ni," in ji Safara'u, tana zama a gindin rumbu.

Kakanta Malam Mati ya harare ta. Sati uku ke nan 'ya'yansa sun ɓoye masa fartanya saboda haki, ga ciyawa na shaƙe gero, a shekarar da ko ɓera ya yi ƙaura daga rumbu. Hukuncin likita yana cikin takardar da jikar ta kawo daga asibitin da take aiki. Gabansa faɗuwa yake, amma bakin bai mutu ba.

"Mummunar mata, yau zan sake ki. Karanta min."

Ta warware doguwar takarda mai zane kamar tonon kaza.

"Ga shi nan. Sau biyu ka danne numfashi da aka manna maka wayoyi, don kar a ce kana haki."

"Ƙarya! A ƙirji kuka manna, ba a hanci ba. Zuciya kuka ce za ku auna."

"Ai ita ta kai ƙararka. In ka ja iska sai bugunta ya ƙara sauri, in ka saki ya lafa. Daga nan muke gane numfashi."

"Ashe da ɗan gari akan ci gari! Shekara saba'in ina dakon munafuka."

"Wannan dogon tudun kuma, daidai lokacin da mai ƙosai ta wuce ta taga."

"Ajiyar zuciya ce, jahila! Kun sha boko, kun sayo inji, don ku gano abin da Bahaushe ya faɗa tun kaka da kakanni? Da kin tambaye ni."

"To masani, ramin ƙarya ƙurarre ne. Gyangyaɗi ya kwashe ka a kan gadon, inji ya ɗauki na gaskiya."

Tsoho ya kama gemu.

"Me ya ce?"

"Likita ya ce mura ce ta sauka ƙirji, ta kuma wuce. Gobe ka ɗau fartanyarka, amma da rana ta take ka dawo."

Malam Mati ya sauke wata irin ajiyar zuciya, har kajin tsakar gida suka watse.

"Wannan kam ko ba waya na karanta ta," in ji Safara'u.

Ya yi dariya har da hawaye, ya jawo ƙwarya daga ƙarƙashin rumbu, ƙwan zabi huɗu a ciki.

"Ungo, uwar tsegumi. Na fasa sakin."