Ta'aziyyar Malam Audu na Gwiwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kashe wani tsoho da bakina ba, a gaban malamai huɗu, alhali tsohon bai taɓa zuwa duniya ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, sai na tashi daga inda nake zaune na ɗan zaga.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina karanta labarai a gidan rediyo, kafin na dawo Kazaure na kama aikin jami'in yaɗa labarai. Abu na farko da ake koya wa mutum a rediyo shi ne majiya: wa ya faɗa, a ina, yaushe. Na sha mayar wa ƙananan ma'aikata da rahotonsu don kawai sun rubuta "an ce". (Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.) Da ƙarin girma ya tsaya sai da digiri, na shiga karatun ƙarshen mako a sashen Hausa na jami'a. Kundina a kan burtali ne, wato hanyoyin shanu da suka ratsa gonakin Roni da Gwiwa.

Mai duba aikina, Dakta Rabi, ta tara mu tun farko ta ce, "Ban hana kowa tambayar manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira ba. Amma wanda ya tambaye ta, ya rubuta a manazarta: sunanta, ranar da ya yi tambayar, da tambayar kanta. Amsar kuma ya liƙa a rataye. Layi uku ne, ba sa ciwo." Na gyaɗa kai kamar maganar ta yara ce.

Roni na je, na yi hira da dattawa biyu. Gwiwa ce ta gagara. Yau ruwa, gobe taro a ofis, jibi babur ya ƙi tashi. Ranar miƙa kundi ta matso, babi na huɗu yana nan da rami. Wata Asabar da hantsi na ɗauki waya na tambayi manhajar yadda mutanen da suke auna faɗin burtali. Ta ba ni amsa shimfiɗaɗɗiya: wai ana barin faɗin da garke biyu za su wuce juna ba tare da ƙaho ya taɓa ƙaho ba. Maganar ta yi mini daɗi, na gyara mata Hausa, na zuba a babin.

Sai batun majiya. Na ɗora hannu zan rubuta layi ukun nan, hannun ya ƙi. Ni, da furfurata, da muryar da aka sani, a ce waya na tambaya? Na tashi, na zauna, na sake tashi. Daga ƙarshe na buɗe jerin mutanen da aka yi hira da su, na ƙara layi ɗaya: Malam Audu, shekara saba'in da takwas, makiyayi, Gwiwa. (Takwas ɗin nan na sa ne don saba'in cif ta yi kama da ƙarya. Kun ga irin ƙwarewar.)

Ranar kare kundi, an kawo baƙon Farfesa daga wata jami'a. Dattijo ne siriri mai magana a hankali. Ya yaba tsarin aikin, ya yaba Hausar. Can ya tsaya a wani shafi ya cire tabarau.

"Wannan magana ta garke biyu ta burge ni," in ji shi. "A Gwiwa aka yanke cibiyata, kakana makiyayi ne, ban taɓa jin ta ba. Wane Audun ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, Malam Audu dai... makiyayi."

"Ɗan wane ne? Audun Ardo, ko Audu na bayan kasuwa?"

"Ba su ba ne, ranka ya daɗe. Shi yana can ɗan gefen gari."

"Gabas ko yamma?"

Na ce yamma, don ita ta fara zuwa bakina.

Fuskarsa ta washe. "To ai wajen dangin mahaifiyata ke nan! Jibi zan shiga gida. Ka raka ni mu gaishe shi, ina so in ɗauki muryarsa. Irin waɗannan tsofaffin ƙarewa suke."

A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Amma sai na ji wata murya, tattausa, irin wadda nake karanta sanarwar rasuwa da ita a rediyo, ta fito daga bakina: "Allah Ya ja zamaninka, ai Malam Audu ya riga mu gidan gaskiya. Bayan hirarmu da mako biyu."

Farfesa ya yi salati. Ya ajiye biro, ya ɗaga hannuwa, sauran malaman suka ɗaga, ɗaliban da ke zaune a baya suna jiran layinsu su ma suka ɗaga. Ni ma na ɗaga, to me zan yi? Ya roƙa wa Malam Audu gafara da rahama, ya roƙi Allah Ya sa ilimin da ya bari ya zame masa sadaka mai gudana. Ɗaki ya amsa da amin. Wayar da Malam Audu yake ciki tana aljihuna, ina jin ɗuminta a cinyata.

Aka shafa. Farfesa ya ce, "To tafiyar jibi ta zama ta ta'aziyya. Ya bar iyali?"

Na dubi Dakta Rabi. Ita kaɗai ce ba ta sunkuyar da kai ba, ni take kallo. Na lissafa abin da ke gabana: sai na samo gida, da matar mamaci, da marayu, wataƙila har da kabari. Na ga ba ni da ƙarfin wannan aikin.

Na ce, "Ranka ya daɗe, babu iyali. Babu Malam Audu. Manhaja na tambaya."

Wani a baya ya ƙyalƙyale da dariya ya mayar da ita tari. Na san tarin, na Lawan ne, abokin karatuna kuma maƙwabcina a ofis. Farfesa ya dube ni, ya mayar da tabaransa.

"Addu'ar dai ba ta faɗi ƙasa ba," ya ce. "Akwai Audu da yawa a maƙabartar Gwiwa, Allah Ya kai wa mai rabo. Amma kai, malam, da ka rubuta cewa na'ura ce ta faɗa, da na ce ka je ka tabbatar, mu wuce shafi na gaba. Yanzu kuwa dattawan Roni ma ban san ko suna da rai ba."

Wannan ta fi yi mini ciwo, don su na gaske ne, har fura suka ba ni.

Aka ɗage kundina zuwa zango na gaba, ƙarin girman shekarar ya wuce ni ina kallo. Dakta Rabi ba ta yi mini faɗa ba. A bakin ƙofa ta ce, "Layi uku, Malam. Kai kuma ka zaɓi jana'iza."

Ranar kasuwar Gwiwa na hau babur na je. (Tafiyar da na yi wata biyu ina gudu, ashe ko gajiya babu.) Aka haɗa ni da wani Ardo, na ɗauki sunansa da na mahaifinsa da na unguwarsu, har hoto muka yi. Na karanta masa maganar garke biyu. Ya yi dariya har ya riƙe sandarsa da hannu biyu.

"Yaro, wa ya gaya maka? Faɗin burtali ai gwargwadon haƙurin mai gona ne. Bana ga shi, baɗi ya tsuke."

A sabon kundin na sa maganar Ardo da sunansa. Na sa ta manhajar ma, da sunanta da rana da tambayar, na ƙara da cewa Ardo ya ƙaryata ta. Ban ji ciwon komai ba.

Abin da na koya shi ne, in na'ura ta gaya maka magana, ka ce na'ura ce. Ba ta da uba, ba ta da unguwa, ba wanda zai nemi ka raka shi gaishe ta. Lawan kuwa har yau in ya shigo ofis da safe, sai ya rage murya ya ce, "Ya ƙarin haƙuri?" Ni kuma in ce da godiya, don ni ne kaɗai magajin mamacin.