Sukarin da na kai Morishas

Wani alhaji ɗan tsibirin Morishas da na yi wa dako a tashar jirgin ruwan Jidda ya gayyace ni garinsu, da alkawarin aiki a shagonsa. Matata Rabi ta sa mini lema da gidan sauro da maganin zazzaɓi a akwati. Na kwashe su tas.

"Halas, Rabi! Wanda ya girma cikin sauron unguwar Karantina za ki koya wa tafiya?"

Na cike gurbin da sukari, tsarabar manya.

Daga tasha har gidansa ba abin da nake gani sai gonakin rake, ruwan sama kuma yana dukan akwatina a saman mota. Da na buɗe akwatin gaban iyalinsa, ashe sukarin ya narke cikin babbar rigata. Ban ji yarensu na Kiriyol ba, amma dariyar na ji ta sarai. Zazzaɓi ya kwantar da ni, aka ba wani aikin.

Rabi ta rasu tuni. Har yau in jikoki sun zuba mini shayi sai su ce, "Ya jaddi, a sa sukari, ko a ajiye wa mutanen Morishas?"