Rasuwar Gwaggo, Sandar Ƙarfen Kan Tudu, Da Sunan Wanda Ya Kashe Ta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, fushi kuma ya ƙarasa, nake sanar da 'yan ƙungiyar ɗaga ƙarfe ta kan tudu rasuwar sandarmu, wadda muke kira Gwaggo. Kashe ta aka yi. Pyo Gi-tae, dillalin motoci, shi ya kashe ta, kuma ina so a karanta sunansa da kyau.

Marigayiya ta zo tudun nan shekara talatin da ɗaya da suka wuce, a kafaɗar shugabanmu, Dattijo Ok, wanda ya hau matakala ɗari huɗu da goma sha biyu da ita bai ajiye ba. Nauyinta kilo ashirin. Ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba: in kana da ƙarfi ta tashi, in baki gare ka ta zauna maka a ƙirji. Duk mun san muryarta, wannan "ƙwal" idan aka mayar da ita mazauninta, da "ƙiii" na safiyar sanyi.

Shekara tara ke nan da ta samu tsagewa a wuya. Ni, Bang Man-seok, na yi mata walda da hannuna, na kuma rubuta doka a allo: wanda ya gama, ya sauke faya-fayan nauyi daga kanta. Layi ɗaya ne. Mai karanta takardun mota ba zai ce ya fi ƙarfinsa ba.

Ina da tsari na mako goma sha biyu, a bayan kalanda na rubuta shi. Litinin ƙirji, Laraba ƙafa, Juma'a baya. Ɗagawa biyar, sau biyar, ƙarin kilo biyu da rabi kowane mako. Na fara da saba'in da biyu da rabi, don in ɗaga ɗari a kan benci da safiyar bikin girbi na Chuseok, ina da shekara hamsin da bakwai. Litinin ta bayan bikin likita zai yanka min kafaɗa, kuma ya gaya min daga nan ko buhun shinkafa sai dai in kalla.

Gi-tae ya ga kalandar ya yi dariya. "Yaya, da wannan biyu da rabin naku, ai sai mun shiga kabari hannun riga bai matse mu ba."

Na ce, "Kai da ka sha garin ƙwanji buhu guda, in banda tumbi me ya fito?"

Ranar Asabar ya jira muka sauka cin taliya, ya kafa wayarsa, ya loda wa tsohuwa kilo ɗari da tamanin don a gan shi. Madam Gong, mai shara a wurin, ta ce ko motsi sandar ba ta yi ba, shi ne dai ya yi ja kamar barkono. Ruwa ya sauko, ya kwashi wayarsa ya gudu. Guguwa ta rufe hanyar tudu kwana uku, Gwaggo na ɗauke da kayan nan ita kaɗai.

Ranar Laraba muka same ta a lanƙwashe, waldar ta buɗe. Ina mako na goma sha ɗaya. Casa'in da bakwai da rabi.

Gi-tae ya ce, "Haba Yaya, ƙarfe ne fa. Zan sayo sabuwa."

Sabuwar sai bayan mako uku za ta iso. Wani ya ce in je ɗakin motsa jiki na cikin gari, mai kiɗa da madubai. Ba da wata sanda na yi alkawari ba.

Ta rasu ta bar faya-fayai goma sha huɗu, benci mai ƙafa ɗaya gajera, agogon da ke jikin bishiya, da tsofaffi ashirin da uku da ba su san abin da za su yi da safiyarsu ba.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi, bakwai na safe. Dattijo Ok zai zuba mata giyar shinkafa, kowa ya rusuna sau biyu. Ba a son waya.

Gi-tae zai sauke gawar shi kaɗai zuwa wurin masu sayen tsohon ƙarfe, ya hau da sabuwar shi kaɗai. Bayan haka zai bi kalandata tun daga makon farko, amma shi da sanda tsura, ƙarin biyu da rabi a mako. Ni zan zauna a gefe, hannuna a rataye, ina ƙirga masa.