Rasuwar Teburin Gareji, da Maganar Ƙafarsa ta Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma 'yar kunya da za a ji dalilinta nan gaba, ni Tobias Manasseh na Sintali B, Jalingo, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar teburin aikina, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar babbar Sallar bana, 1998, yana da shekara shida da 'yan watanni.

An haifi marigayin a ƙarshen 1991, lokacin da aka ƙirƙiro jiha aka kwaso mu ma'aikata daga Yola. Iyayensa akwatunan katako uku ne da suka ɗauko mana kaya a bayan babbar mota. Gidan da muka kama yana da gareji, ni kuwa ko keke mai kyau ba ni da shi, sai na ce bari in sa wa wurin abin da zai cika ido. Na ɓamɓare akwatunan, na miƙar da tsofaffin ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, na ninka katakon sama biyu, na gitta masa wani a ƙasa don kada ya yi rawa. Ban sayi komai ba sai maganin ciwon baya.

Marigayin mai haƙuri ne. A kansa na gyara rediyoyi da fitilu da keken ɗinkin matata Jemima, wasu ma sun gyaru. An yanka kaji a kansa, an jera kulolin biki, 'yata Rose ta yi karatun jarrabawa. Ya sha guduma bai taɓa kai ƙara ba. Iyakar maganarsa “ƙiƙ” in an ɗora masa nauyi, sai “ƙiƙ-ƙiƙ” in na hau shi ina gyaran kwanon rufi. Na sha faɗa a gaban mutane cewa shi zai binne ni.

Duk Sallah maƙwabcina Malam Hadi yakan aro shi don saran nama. Malam Hadi kafinta ne, shi ya sa babu tebur ko ɗaya a gidansa. Bana a sara na uku marigayin ya ce “ƙiii”, ya durƙusa gefe guda, ya kwanta da rago da komai. Bai sake tashi ba.

A nan ne zuciya ta ɗebe ni. Na tsaya a ƙofar gidan mutumin da muke gaisawa kullum safe na ce shi ya kashe mini tebur. Da matarsa Hajara ta aiko mana da soyayyen nama da yamma, na ce a mayar. Yau kwana tara ke nan ba mu gaisa ba, kuma wallahi abin yana cina fiye da rashin teburin.

Jiya Jemima ta yi binciken gawa da tsintsiya a hannu. Ta taɓa karyayyar ƙafar, yatsanta ya shige, ƙasa ta zubo.

Ta ce, “Baban Rose, zo ka gani. Rago ne ya shiga ciki ya cinye?”

Gara ce. Ta yi gida a ciki har da ɗakin baƙi. Sauran ƙafafu ukun kuwa ƙalau suke.

Dole in faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar da nake haɗa marigayin, Malam Hadi ya leƙo, ba mu ma san sunan juna ba. Ya ce, “Maigida, ka shafa masa baƙin man mota, ƙafa huɗu duka. Garar Jalingo ba ta san ma'aikacin gwamnati ba.” Shi ya kawo mini man a gwangwanin madara. Na shafa uku, man ya ƙare, na ji nauyin in koma in ce a ƙara mini. Na ce gobe. Na juya ƙafar wajen bango inda ba mai gani, goben kuma ba ta zo ba.

Marigayin ya bar guduma ɗaya, zarto mai giɓi, filaya, ƙafafu uku masu rai, da katakon sama wanda likita zai duba ko ya moru. Ya kuma bar maigida mai saurin baki.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma a bayan garejin, inda za a ƙone ƙafar tare da waɗanda suka kashe ta. Ba a buƙatar kuka. Jemima za ta dama kunu.

Iyalan mamacin suna roƙon Malam Hadi ya zo ya jagoranci taron, ya taho da zartonsa, don nawa ba ya yanka miƙe. Na samo baƙin mai galan guda daga unguwar Sarkin Dawaki, kuma Malam Hadi ne zai tsaya a kaina ya ƙirga ƙafafun sabon teburin da bakinsa. Malam Hadi, ba kai ba ne, ni ne. Ka yi haƙuri.

In kuma da sauran naman nan da na mayar, a gaya wa Hajara kwanonmu yana nan a wanke.